Abin da Na Ƙi Kashe wa Kawu

Daren Laraba, Jega.

Yau na ce wa Kawu Sani a'a, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Ya taso daga Fagada da filash, wai in nuna masa hotunan dawowarsa daga Makka a kwamfutata. Filash ɗin ya sha yawo a shagunan Aliero. Ina sokawa, antibayiros ya tare shi, ya ce akwai cuta ciki.

Kawu ya ce, "Kai ɗan ga, kashe abin mana. A shago ma kashewa suke yi, su kunna daga baya."

Na san inda ake kashewa. Har na kai hannu, sai na tuna muryar Inna da na ɗauka kafin ta rasu tana cikin kwamfutar nan, kuma babu ta ko'ina. Na zare filash ɗin. Ban faɗa masa dalili ba.

Ya tashi ko furar da aka dama masa bai taɓa ba.

Gobe zan kai masa kwamfutar har gida in kunna masa. Inna ƙanwarsa ce. In ya ji ta tana dariya, sai ya gaya min ko shi zai kashe.