Hoton Gonar Baba

Zuwa ga yayata Furera,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya yara da mutanen Maijirgi? An fara yankan hatsi?

Ina nan Kotonu lahiya lau, kada ki damu. Har yanzu ina shagon ordinater, wato kwamfuta, ina koyon haɗa ɗan hoton da mutane ke liƙawa ƙarƙashin rubutunsu a zauren hira na intanet. Na farkon da na yi, dariya aka yi mini, wai launi ya yi yawa kamar zanen amarya. Wata huɗu ina gyara hannu, har na iya rage launi da daidaita haruffa.

Satin jiya na haɗa wani da hoton gonar Baba, kowa ya yaba. Amma tun kafin mutane su gani, maigidana ya goge sunana ya sa nashi. Da na yi magana ya ce, "Da injin wa ka yi shi?" Sai na koma bakin aikina, Yaya, don a shagon nake kwana.

Ki aiko mini da yaji in an samu mai zuwa. Ki ce ma Inna an yabi aikina. Ba ƙarya ba ne, ni ne dai ba a sani ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Imrana