Ni na sa guraben Baba a taswira

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana, don in aka gane ni ko kasuwar kifi ba zan ƙara iya ratsawa ba. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya ishe ni, ni da tuwo ba ya kwana a gabana yau sati guda ina juya cokali kamar amarya.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma da masunta a nan yankin Haɗeja, ƙungiya ce ta sa kai. Da can kwamfutar ofishinmu sai ka kunna ta ka tafi Kaugama ka dawo ba ta gama buɗewa ba, kullum tana ƙorafin wai manhajar da ke kanta ba ta asali ba ce. Sai muka shiga haɗin gwiwa da ƙungiyoyi irin tamu na bakin kogi, har da ta Guri. Wata malamar makaranta 'yar Filato, bari in ce da ita Madam, ita ta sa mana manhajar nan ta kowa da kowa, wadda ba a saye, kowa na iya ɗauka ya gyara ya miƙa wa wani. Ta koya mana sa hanyoyin ruwa a taswira, inda ciyawar kachala ta toshe, da inda ruwa ke ɓallewa. Amfaninsa mun gan shi da ido, in kogi ya tashi a sama 'yan can su rubuta, mu nan mu gani a waya mu shirya. Bara da haka mutane da yawa suka kwashe shinkafarsu kafin ruwa ya zo ya yi musu girbi.

Tun ranar farko Madam ta ja mana kunne, ta ce duk abin da aka sa a taswirar duniya ce ke gani, abin da yake sirri a bar shi a ciki. Ni kuwa lokacin ina can baya ina ba mutane dariya.

To ga inda na kwafsa. Surukina, mahaifin uwargida, wanda nake ce wa Baba, shi ne Sarkin ruwan ƙauyensu. Akwai gurabe uku masu zurfi a cikin kachala inda kifi ke fakewa da rani, ba a taɓa su sai ranar da ya ba da izini a yi kamun kifi na gayya, gari duka ya samu. Dattawa ƙalilan ne suka san hanyar shiga. Sai da na shekara ashirin da auren 'yarsa kafin ya sa ni a kwalekwale ya nuna mini, yana cewa yau na zama ɗa. Ni kuma a lokacin muna gasa da sakataren Guri, kullum yana tsokanata a mitin wai taswirarmu fayau take kamar kaina, ba komai a kai. Zuciya ta ɗebe ni, na zauna na zuba duk abin da na sani, har guraben nan uku da hanyar shigarsu. Don neman suna har na ƙara bayani a ƙasa, wai akwai tarwaɗa a nan da za ta iya haɗiye akuya.

Da rani ya yi sai ga wasu baƙi a kan babura, da waya a hannu da taru a buhu, suka share gurbi ɗaya tas, ko kwaɗo ba su bari ba. Da aka tare su sai suka nuna waya suka ce ai ga shi nan a rubuce. Baba ya zo ofis da sandarsa, ya ce 'yan kwamfuta sun sayar da ruwan kakanninsa, kuma baƙuwar nan ce ta yi, tunda ita ke yawo da na'ura a bakin kogi. Ya juyo ya ce da ni, “Kai ɗan nan, ba kai ne sakatare ba? Kana zaune aka yi mana wannan?” Na ce, “Baba, za a bincika.” Ni da na yi ɓarnar ni ne zan bincika!

Na lallaɓa na goge guraben, amma waɗanda suka riga suka sauke taswirar a wayoyinsu tana nan. Na samu Madam, tun kafin in buɗe baki ta ce, “Sakatare, manhajar tana nuna wanda ya sa kowane abu, tun ranar na ga sunanka.” Ta ce ba za ta tona ni ba, tsakanina da surukina ne, amma ita ma ta gaji, masu kifi sun daina amsa gaisuwarta, ranar nan mai Keke Napep ya ƙi ɗaukarta. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ba ni haushi, kowa ya samu abin faɗa. Masunta sun ce a fice daga haɗin gwiwar a mayar da tsohuwar manhaja. Manoman shinkafa sun ce in aka fice wa zai gaya musu ruwa na tafe, ga damina ta ƙarato. Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ya ce kowa ya zo ranar Asabar a kaɗa ƙuri'a, kuma masunta sun fi yawa. Uwargida ba ta san komai ba, jiya ma tana zuba mini miya tana tsine wa wanda ya yi wa babanta haka, ni kuma ina cewa amin a hankali.

In na yi shiru za a kori baiwar Allah da laifina, a rasa labarin ambaliya. In na faɗa, mutumin da ya jira shekara ashirin kafin ya yarda da ni zai ji cewa na tallata sirrinsa don in burge mutumin Guri.

Jama'a ya zan yi? In tashi a gaban taro in faɗa, ko in fara zuwa gida in durƙusa wa Baba mu biyu? Kuma uwargida fa, ta ji daga bakina ko daga bakin babanta? Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma ku haɗa da shawara, Asabar jibi ce.