Kunkurun da Ya Koma Gyare

Suzhou, watan tara.

Yaya Wenhai,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Inna da matarka Yuzhen da yara suna lafiya.

Ni ƙalau nake. Ruwa da yashin goge yu, dutsen ado mai daraja da muke sassaƙawa, sun tsattsage mini yatsu, amma duk masassaƙan nan haka hannunsu yake. Tarin da nake yi ma ya ragu.

Wani mai sayar da ganyen shayi ya sa in sassaƙa wa tsohonsa kunkurun dutse, alamar tsawon rai. Na kusa gamawa sai ga shi da fararen kayan makoki. Ya ce, "A mayar da shi gyare, wanda ake sa wa mamaci a baki." Maigidana Shen ya juya dutsen a tafinsa, ya ce, "Zai yiwu. Wenlu, cire ƙafafun." Kwana biyu ya ɗauke ni.

A turo mini rigar audugata, sanyi ya matso.

Wasiƙu uku ke nan ba rubutun Baba, kai kake rubuta gaisuwarsa. Maigida ya ba ni guntun dutse, ban taɓa shi ba tukuna. Ka faɗa mini gaskiya, wanne zan sassaƙa wa Baba, kunkuru ko gyare?

Ƙaninka,
Wenlu