Fitilar Baba Ta Fito Daga Tsatsa

Kafanchan, 9 ga Yuli, 1976

Zuwa ga Yaya Afiniki,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata ke da maigida da yara kuna lafiya a Ikko, Allah ya ƙara muku ƙarfi. Mu nan lafiya lau, citta ta yi kyau bana, sai dai idon Mama da ke ƙara dushewa.

Yaya, ran Talata da sassafe na ga abin da har yau yake mini kamar mafarki. Kin tuna fitilar aikin jirgin ƙasa da marigayi Baba ya bar miki? Na tsince ta ƙarƙashin rumbu, tsatsa ta rufe ta har sunansa da ke rubuce a jikinta ya ɓace. Baba Nicholas, tsohon fita, wato makanikin jirgi, da suka yi aiki tare da Baba, ya koya mini dabara: ruwan kanwa a bahon roba, batirin mota, baƙar waya a jikin fitila, ja a jikin wani tsohon ƙarfe. Hazo bai gama sauka daga dutsen Kagoro ba, sai ga ƙananan kumfa suna tashi daga fitilar, kamar yayyafi mai komawa sama. Tsatsa na saki a hankali, tana yawo bisa ruwa. Na zauna ina kallo har koko ya huce a hannuna.

Amma ga laifina. Ran farko na haɗa wayoyin a juye, na tafi gona. Kafin in dawo ruwa ya cinye rabin mariƙin. Baba Nicholas ya ce ba ya gyaruwa, sai dai a tsare abin da ya saura. Muka fere bawon tsofaffin batiran tocila, tutiya ce, muka rataya cikin ruwan tsami da gishiri, batiri ya kwashe ta ya shafa wa fitilar, ta yi fari-fari kamar wata da rana. Ya ce tsatsa ba za ta yi saurin komawa ba.

Kayanki ne na taɓa ban tambaya ba, ki yafe mini. Roƙona kuma ki bar ta a nan. Rubutun ya sake fitowa a jikinta, Mama ta bi harufan da yatsa ɗaya-ɗaya, ta kira sunan Baba da ƙarfi, ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ba ni kaɗai na ji ba, Baba Nicholas da maƙwabciyarmu Inna Mero suna tsaye a wurin.

Ki gaishe da maigida, da Irene da Rufus.

Ƙaninki,
Meshak