Latas Ɗina Ya Yi Ja

Bawku, daren Laraba, 12 ga Maris, 1986

Latas ɗin da na dasa a bakin dam ya rikiɗe ya yi ja. Mai saye daga Bolga ta ɗaga ganye ɗaya, ta taɓe baki ta wuce. Kawu Seidu ne ya sayar mini da irin, har da rantsuwa cewa kore ne. Da na kai masa ganyen, ko kallon kirki bai yi masa ba.

"Ɗana, rana ce. In ta yi wa ganye yawa, sai ya yi ja ya kare kansa."

To, a lambuna kaɗai rana take fitowa? Nasa kore shar. Sai dai nasa a inuwar mangwaro yake, abin da ke damuna ke nan.

Na yi wa fangali ɗaya rumfa da zana. In sabon ganye ya fito ja, wallahi Kawu zai cinye shi a gabana, har saiwa.