Sanyin Da Ya Sauko Ranar Husufi

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san wannan takarda ba za ta isa hannunka ba, kuma babu mai karanta maka ita. Na rubuta ne don ina da labarin da ba ni da wanda zan ba sai kai.

Husufin ranar nan da ka yi ta jira ya faru. Ya zo ina cikin takabarka.

Kowa lafiya a Limawa. Innarka ta koma wurin yayanka a Barkin Sale, ciwon ƙafar ya yi sauƙi. 'Yarmu Bilki ta shiga aji biyu, kuma an kawo sabon malamin kimiyya a madadinka. Ta ce yana da kirki, sai dai komai a allo yake yi, bai taɓa fitar da su fili ba. Ni ma na koma kan keken ɗinkina.

A rediyo na ji sanarwa ana gobe za a yi. Na tashi na buɗe akwatinka, wanda ban taɓa ba tun da aka fita da kai. Na ciro ma'aunin zafin da 'yar fankar nan da ka haɗa da gwangwanayen madara don auna iska. Na tuna yadda kuka shirya da abokin aikinka Malam Danjuma: shi zai auna a gonarsu a Kuta, kai a nan Minna, sannan ku aika wa malamin jami'ar da kuke rubuta wa. Kuna son ku san ko iska tana sanyi idan wata ya tare rana, kuma har yaya. Na ce a raina, shi Danjuma zai yi nasa, naka kuma wa zai yi?

Da safe na rataye ma'aunin a inuwar dogon yaro, na kafa fankar a kan katanga, na ɗaura agogonka a hannuna. Da hantsi haske ya fara canzawa. Gari bai yi duhu ba, amma ya yi wani irin fari-fari, kamar an wanke shi da ruwan toka. Aka kira sallar husufi a masallacin unguwa, maza suka fita, yara suna ta kaɗa gwangwani a lungu. Na yi tawa sallar a tsakar gida, ina idarwa na koma kan ma'aunin. Ban kalli ranar ba, ka sha hana mu. Ƙasa na duba, sai na ga hasken da ke ratso ganye duk ya koma kamar jinjirin wata, birjik a kan tabarma.

Malam, jan layin ma'aunin ya sauka. Da idona na ga ya sauka. Fankarka ta rage gudu har ta tsaya, kaji suka taru a gindin murhu, ni kuma na ji sanyi a damtsena, na ja mayafi. Na juya in gaya maka. Ka san a lokacin na manta ba ka nan?

Duk abin da na gani na rubuta, da lokacinsa, na ba direban Kuta ya kai wa Danjuma. Bai samu zuwa ba sai bayan ruwan farko ya sauka. Ya zauna a zaure, ni ina daga bayan labule. Har yanzu Hausarsa ba ta nuna ba, "kai" yake ce mini maimakon "ke", abin da ya sa kullum muke dariya da kai, amma ran nan ban iya dariya ba. Ya yaba rubutuna. Sannan ya tambaye ni awon kwanakin da suka gabata, da na waɗanda suka biyo baya. Na ce wane awo? Sai ya bayyana mini a hankali cewa zafi yakan hau ya sauka ko ba husufi, saboda haka sai an san yadda yake a sauran ranaku kafin a ce ga abin da husufi ya yi. Yanzu kuma damina ta shigo, yanayin ya canza, ba a iya komawa. Ya ce zai aika da nasa shi kaɗai, nawa in adana.

Ka faɗa mini wannan, ko? Na tabbata ka faɗa. Sau nawa ka jawo kujera kusa da kekena kana bayani, kana zana rana da wata a bayan kwalin zare, ni kuwa ina taka keke ina cewa "to, to"? Na ɗauka muna da lokaci. Na ɗauka ranar za ka tsaya ka yi abinka, nawa in kawo maka ruwa ne kawai. Ban raina aikinka ba, Malam. Idan maƙwabta suka ce mijina mai auna iska ne, daɗi nake ji, ban dai taɓa gaya maka ba. Ka tafi kana zaton ban damu ba ne?

Danjuma ya ce wani husufin sai bayan shekaru, kuma ba lallai a gan shi sosai a nan ba. Ban mayar da kayan akwati ba. Kullum da hantsi ina duba ma'aunin in rubuta, don kada ya sake samuna ban shirya ba. Akwai tambayoyi da yawa da suka taso mini tun da na fara, kuma duk irin waɗanda kai ne za ka ji daɗin amsawa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu da alheri.

Ni ce matarka,
Hajara