Waifai a cikin samira

Zaharaddeen,

Na tafi Wara. Jirgin ruwan safe ba ya jira, kai kuma kana ta barci.

Waifai ɗinmu lafiyarsa lau, kada ka kai shi wurin mai gyara. Jiya da hadari ya taso ta bakin ruwa, Inna ta ɗauke shi daga taga ta jefa cikin babbar samirarta ta kifa murfi, wai ƙahonninsa za su jawo mana tsawa. Yana kunne a ciki, kai kana ta zagin kamfani a banza. Da asuba na gano shi, ya yi zafi kamar an sauke daga murhu. Na zare filogi, na bari ya huce, na mayar. Wutarsa ta koma koriya, na gwada, komai na tafiya.

In ya sake tsayawa, haka za ka yi: ka zare, ka ɗan jira, ka mayar. Kada ka kuskura ka tsokani ƙaramin ramin nan na baya da tsinke, lambar sirrin ce za ta goge.

Da hantsi Yaya Usman zai kira ta bidiyo daga Fatakwal in an raɗa sunan ɗansa. Ka zaunar da Inna kusa da taga, ka riƙe mata wayar, ka san hannunta na rawa. Kuma ban da dariyar samira. Tun jiya take goge tabarau, ta ce sai ta ga ko jaririn ya ɗauko kunnen marigayi Baba.

Yayarka,
Zuliha